Tallafin Manomi da Kiyaye Ƙasar Noma: Darasi daga Maraɗi

Duk wanda ya taɓa raba iri ko taki ga manoma ya san cewa tallafin bana ba ya kawar da buƙatar baɗi, matuƙar gonar tana ƙara gajiya. Wannan ne ya sa wasu gwamnatoci suka haɗa abu biyu a manufofinsu na noma, wato ƙarfafa abin da manomi yake samu da kare ƙasar da yake nomawa. A Amurka, tun 1985 ana biyan manomi kuɗi duk shekara idan ya hutar da gonar da zaizaya take ci, ya rufe ta da ciyawa ko itatuwa na shekara 10 zuwa 15. A Tarayyar Turai kuwa, tun 2005 ana zaftare tallafin wanda ya karya ƙa'idojin kare muhalli.

Waɗannan tsare-tsare sun dogara ne da baitulmali mai ƙarfi. Misalin da ya fi dacewa da halinmu yana jihar Maraɗi ta Nijar. A 1983, wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da ake sassabewa a gonaki toho ne na kututturan itatuwa masu rai. Idan aka bar reshe kaɗan masu ƙarfi, aka datse sauran, sai itace ya tashi ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Manoma suka kira dabarar sassabin zamani.

Da yunwar 1984 ta auku, an haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona. Bayan an daina rabon, manoma da yawa sun sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu kuwa sun samu itacen girki da na sayarwa da abincin dabbobi, iska ta rage binne musu shuka. Gawo ya yi fice, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Wani cikas shi ne dokar gandun daji, wadda ta sa manomi ba ya ganin itacen gonarsa a matsayin nasa. Da aka sassauta wannan, dabarar ta bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har aka ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Abin da muka fahimta shi ne, tallafi yana sa manomi ya gwada, amma ba ya dawwama a kan kiyaye muhalli sai kiyayewar ta ciyar da shi, kuma amfaninta ya zama mallakinsa. Zakka haƙƙin mabuƙaci ce, ba ma ganin dacewar ɗaura mata irin wannan sharaɗi. Waƙafi, da yake dukiya ce mai ɗorewa, shi ya fi dacewa da horar da manoma da raya gonaki. Don haka muna kira ga kwamitocin masallatai, duk lokacin da aka kawo musu shirin tallafa wa manoma, su binciki halin da gonar za ta kasance ciki bayan tallafin ya ƙare, da kuma wanda zai mallaki itatuwan da suka tashi.