Yadda Mutanen Gabas Ke Sarrafa Shinkafa A Gidajensu

Maganarmu ta wannan mako a kan shinkafa take, da irin hikimar da mutanen ƙasashen gabas suke yi mata a cikin gidajensu. Dalilin ɗauko maganar kuwa biyu ne. Fatakenmu yanzu sun wuce Agadas da Gwanja, sun kai Gwanzu ta ƙasar Sin da Bankok ta ƙasar Tailan, suna kwana arba'in a can suna cin abin da ba su san yadda aka yi shi ba. Sa'an nan ita kanta shinkafar ta yi tsadar da mai iyali zai so ya ji yadda wasu ke sa mudu guda ya yi aikin biyu.

A sani, cikin kowane buhu goma na shinkafar da ake nomawa a duniya, wajen tara a nahiyar Asiya ake noma su, a can kuma ake cinye su. Masu binciken tarihi sun ce a kwarin kogin Yanzi na Sin aka fara nomanta, shekara wajen dubu tara da suka wuce. Tamu ta ƙasar baƙar fata iri ce dabam, asalinta fadamun Kwara na ƙasar Mali. Saboda daɗewar da suka yi da ita, har ta shiga bakinsu yadda tuwo ya shiga namu. Basine in zai ce a zo a ci abinci, cewa yake a zo a ci shinkafa, ko da gurasa ce a gabansa. Haka mutumin Tailan, haka na Jafan.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne, a yawancin gidajen Sin da Jafan da Tailan ba a sa wa shinkafar yau da kullum gishiri, ba a sa mata mai. Uwargida takan wanke ta sau biyu ko uku har ruwan ya fara washewa, ta baje ta a tukunya, ta ɗora kan yatsanta bisa shinkafar, ta zuba ruwa har ya kai gaɓar farko. Ma'aunin ke nan. In ta tafasa sai a rufe, a janye itace, a bar ta bisa wuta kaɗan kamar minti 15, a sauke, a ƙyale ta a rufe kamar minti 10 kuma. Ba a buɗawa, ba a juyawa, ba a tsiyaye ruwa, domin tururin da ke ciki shi ke ƙarasa dahuwar. Tun shekarar 1955, da kamfanin Toshiba na Jafan ya fito da tukunyar lantarki mai kashe kanta, wannan aiki ya koma hannun na'ura a birane, amma awon yatsa bai mutu ba. Ɗanɗano kuwa daga ƙananan kwanoni yake zuwa: ɗan kifi, ɗan ganye soyayye da tafarnuwa, ɗan romo. Nama yanka ƙanana ake yi masa, har abin da mutum guda zai cinye a wurinmu ya ishi mutum biyar.

In shinkafa ta yi ƙaranci, ko akwai majinyaci ko tsoho ko yaron da aka yaye, sai a koma ga kununta. Awo guda na shinkafa, awo takwas ko goma na ruwa, a bar ta tana dahuwa har ƙwayar ta narke, a jefa citta da albasa da ɗan kifi ko kaza. Wannan shi ne karin kumallon mutanen Gwanzu. Musulmin Maleshiya kuma suna da nasu mai madarar kwakwa da nama da kayan yaji, suna kiransa bubur lambuk, kuma masallacin unguwar Kampun Baru a birnin Kwala Lumfur ya yi suna wajen raba shi ga masu azumi a watan Ramadan. Ranar Salla, mutanen Indunusiya, waɗanda alhazanmu na dā suka sani a Makka da sunan Jawa, sukan saƙa 'yar jaka da ɗanyen ganyen kwakwa, su zuba shinkafa ba ta cika ba, su dafa sa'o'i da yawa. Tana kumbura ganyen yana matse ta, har ta dunƙule ta zama curi, a yanka a ci da miya. Sunansa ketupat. Wanda ya san tuwon shinkafa ba zai yi baƙunta a gabansa ba. Da shinkafar kuma suke fid da zakkar fid da kai, kilo biyu da rabi ga kowane mutum, tun da ita ce galibin abincin ƙasarsu.

To, sai taliya, wadda ita ce ta fi bukatar bayani. Taliyar da matanmu ke murzawa ta alkama ce, ita kuwa alkama Allah ya sa mata danƙo, shi ya sa ƙullinta ke miƙewa ba ya tsinkewa. Shinkafa ba ta da wannan danƙo. In an kwaɓa garinta da ruwan sanyi aka ja, sai ya ɓarke. Dabarar da suka gano ita ce, wuta ke ba ta danƙon da ba ta da shi, watau sai an fara dafa ƙullun kafin a ba shi siffa. Ga yadda mutanen Gwanzu ke yin mai faɗi, wadda suke kira ho fan, da sunan wani gari Shaho da birnin ya haɗiye. A jiƙa shinkafa ta kwana, a niƙa ta da ruwa har ta zama ƙullu tsararo, kamar na sinasir amma ba yisti, ba a kuma bari ya yi tsami. A shafa wa faranti mai, a zuba ludayi guda, a karkata farantin ya bazu, a ɗora a madambaci minti biyu ko uku. Sai ya fito kamar farin ƙyalle. A ɓare shi, a shafa mai, a ninke, a yanka da wuƙa gwargwadon faɗin yatsa. In ba a yanka ba, aka naɗe nama ko jatan lande a ciki, ya zama wani abincin safe dabam. Tsohuwar shinkafa mai dogon ƙwaya, wadda ke warwarewa in an dafa, ita ta fi kyau ga wannan aiki. Sabuwa mai kama jiki takan yi caɓi.

Siririyar kuwa matsa ta ake yi. A kudancin Indiya da tsibirin Sirilanka, uwargida takan kwaɓa garin shinkafa da tafasasshen ruwa, ta cusa a wani mamatsi mai ƙananan huji, ta matsa zaren ya zubo bisa faifai, ta turara. Sunanta idiyappam, ana cinta da madarar kwakwa ko miya. Wadda ake busarwa a sayar a kanti, kuskuren da baƙi ke yi shi ne su dafa ta kamar taliyar alkama, sai ta narke. Jiƙa ta ake yi a ruwan ɗumi har ta yi laushi, sa'an nan a jefa a kasko mai zafi ko a kwarara mata romo. Haka mutanen Biyetnam ke yi da miyarsu mai suna fo: a dafa ƙashin sa sa'o'i da gasasshiyar albasa da citta da kirfa da kanumfari, a sa taliya a kwano da yankan nama, a zuba romon yana tafasa. A arewacin ƙasar aka fara ta a farkon ƙarni na 20, ta bi masu ƙaura zuwa kudu bayan an raba ƙasar a 1954.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi, dutsen niƙa ba ruwansa da ko ƙwaya cikakkiya ce ko karyayya. Tsakin da injin casa ke fitarwa, wanda ake sayarwa da araha, yana yin taliya. A zamanin Firayim Minista Fibun na Tailan, wanda ya sauya sunan ƙasar daga Siyam a 1939, aka yi yaƙi, aka kuma yi babbar ambaliya a Bankok a 1942, sai gwamnati ta riƙa kwaɗaitar da jama'a cin taliya. Daga wancan zamani soyayyar taliyar da ake kira pad tai ta bazu, har ta zama abin da aka san ƙasar da shi. Talakawan Saigon kuma dafa tsakin suka yi yadda yake, yau ga shi masu hali na nemansa. A ganina, masu injin casa na Kura da Argungu suna zaune bisa wata sana'a da ba su buɗe ba. Mun ga yadda farashi ya yi sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da sa'ad da Indiya ta hana fitar da wani kashi na farar shinkafarta daga Yuli 2023 zuwa Satumba 2024.

A wani wajen kuwa mu ne bisa daidai. Turara shanshera kafin a casa, yadda ake yi a ƙasar Kabi da kuma Indiya, yana tura amfanin da ke cikin dusa zuwa cikin ƙwaya. Inda aka dogara ga fara tas wadda inji ya goge, aka rasa mahaɗi, cutar beriberi mai kashe ƙafafu ta yi ɓarna. Wani likita Baholande mai suna Eijkman ya lura da haka a jikin kaji a tsibirin Jawa cikin shekarun 1890, aka ba shi lambar Nobel a 1929.

Saura gargaɗi ga matafiya. Farin abinci ba shaidar halaccinsa ba ne. Ita taliyar shinkafa ce da ruwa, amma kaskon fa? A kudancin Sin da wajen Sinawan Maleshiya akan soya ta da kitsen alade, romon yakan zama na ƙashinsa, soyayyar shinkafa kuma sau da yawa da gutsattsarin namansa a ciki. Bayan wannan akwai giyar shinkafa, wadda mai girki a Sin ke tsiyayawa a kasko kamar yadda matanmu ke jefa daddawa, shi bai ɗauke ta abin faɗa ba. Na Jafan ma yana da tasa mai zaƙi. Saboda haka cewa "ba nama" bai wadatar ba. A nemi gidan abincin da ke da alamar Musulmin Sin, kalmar da suke furtawa cin-jan, galibi bisa koren allo. Suna da yawa a unguwar Shiyawbe ta Gwanzu inda fataken Afirka ke sauka, da kewayen tsohon masallacin Huwaishen. Amma ruwan kifi mai gishiri da mutanen Tailan da Biyetnam ke sawa a kusan kowace miya, da jatan lande da ƙaguwa, waɗannan dabbobin ruwa ne, halal ne a mazhabar Imamu Malik, sai dai warin da baƙo zai yi haƙuri da shi.

Na ƙarshe, kwantai. Mutanen Sin ba su zubar da shinkafar jiya, ita suke soyawa da ƙwai da albasa, don ta sha iska ba ta dunƙulewa. Amma suna sanyaya ta da wuri, su ajiye a firji. Dafaffiyar shinkafar da ta wuni a rufe cikin zafi tana tsirar da wata ƙwayar cuta mai sa amai, wadda ɗumame ba ya kashe dafinta. Ɗanyar taliyar shinkafa ta fi haɗari, domin in ta daɗe a wuri mai ɗumi takan haifar da wani dafi da ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, wuta ba ta karya shi, ba shi kuma da makari. A shekarar 2024 ya kashe mutane a wani gidan abinci na birnin Taife. Wanda ya sayi ɗanya a can, ko ya gwada yinta a gida, ya cinye ta a ranar.