Baƙin Ƙasar Zungur: Daga Kasuwar Wunti Zuwa Ruwan Wikki

Wanda ya fita daga tsakiyar Bauchi ya nufi kudu, ya wuce Yelwa da Gwallameji, zai ga yadda gari ke cinye gonaki kowace shekara, har ya kutsa ƙasar Zungur, ɗaya daga cikin tsofaffin gundumomin masarautar. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, albarkacin Malam Sa'adu Zungur, malami kuma ɗan siyasa da ya rasu a 1958. A wannan gefen gari, inda ɗalibai, 'yan kasuwa da manoma suke cakuɗe, akwai mutanen da ba a Najeriya aka yanke musu cibiya ba. Wani Balarabe ne, wani ɗan Indiya, wani ɗan Sin, mafi yawansu kuma daga Nijar suka zo. Neman abinci ne ya kawo kowannensu, amma zaman nasu ba iri ɗaya ba ne.

Bauchi ta daɗe da saba ganin baƙi. Sojojin Turawan Ingila sun shigo a 1902, suka kafa barikinsu a wajen ganuwa, nesa da ƙofar Wunti da ƙofar Ran, kamar yadda suka yi a Kano da Zariya. Jirgin ƙasa ya iso a 1961, ya zo da injiniyoyi da ma'aikatan tasha. Amma babbar guguwar baƙi ta taso ne bayan 1976, lokacin da gwamnatin Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Jihar Bauchi. Sabuwar jiha, ga kuɗin man fetur, ga makarantu ana ta buɗewa, malamai kuma ba su isa ba. Sai aka ɗebo masu koyar da lissafi da kimiyya daga Indiya da Pakistan, likitoci daga Masar, ma'aikatan jinya da malamai daga Filifin, ga kuma 'yan Ghana da suka cika azuzuwan Turanci. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr ya fara haɗa taraktoci da manyan motoci a Bauchi, mutanen Ostiriya suka tare da iyalansu. Kwalejin fasaha ta tarayya ta buɗe a 1979, jami'ar da yanzu ake kira da sunan Abubakar Tafawa Balewa ta biyo baya a 1980.

Dattawan da suka yi sakandare a wancan zamani har yau suna kwaikwayon muryar malamansu Indiyawa, suna dariya, suna kuma yi musu addu'a. Waɗannan malamai a gidajen makaranta suka zauna, ba katanga, ba mai gadi. Matansu kan shiga kasuwa da kansu, su duba tumatir, su taya, a ƙi sallamawa, su yi kamar za su tafi a kira su. Yara kuwa da sun hango su sai su bi su da 'yan kalmomin da suka tsinta a finafinan Indiya. 'Yan Ghana ne zamansu ya yanke farat ɗaya: a watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu wa'adin barin ƙasa, sama da mutum miliyan ɗaya suka fice, makarantu da yawa a Arewa suka wayi gari da gurbin malamai.

Sabon baƙon yau, idan kamfani ne ya kawo shi, galibi ta filin jirgin sama na Durum yake sauka, wanda aka buɗe a 2014, ko kuma a ɗauko shi a mota daga Abuja ta Jos. Makon farko na takardu ne, wato katin izinin zama daga hukumar shige da fice, da layin waya, da asusun banki. Daga nan sai darussan da ba a rubuta su a takardar kwangila ba. Zai koyi cewa zafin Maris da Afrilu kan kai maki 40, kuma sanyin hunturu a Disamba yana fasa leɓe. Zai koyi bambanta ƙarar janaretan gidansu da na maƙwabta. Zai san cewa ruwan famfo daga madatsar Gubi yake zuwa, in bai zo ba kuma 'yan garuwa na nan da kurarsu. Gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro su zama abokan kwana.

Darasin da ya fi ba su wuya shi ne gaisuwa. Mutumin da ya saba ɗaga hannu ya wuce sai ya iske mai gadi ya miƙe tsaye: "Sannu da zuwa, maigida. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya baƙunta?" Wanda ya gane cewa wannan ba ɓata lokaci ba ne, ya koyi amsa "lafiya lau" da "da godiya", to ƙofofi sun fara buɗe masa. Mai kanti zai rage masa farashi, direba zai gaya masa hanyar da ba ta da kyau, ranar suna kuma za a aiko masa da waina da naman kai. Wanda ya ƙi koyo, shekara biyar zai yi ana kiransa "Oga" a gabansa, "Baturen nan" a bayansa, ba wanda ya san sunansa.

Cefane ma makaranta ce. A kasuwar Muda Lawal ake sauke doya, lemo, ayaba da kayan gwari, kuma nan ne mai dafa wa baƙo abinci ke samun dankalin Turawa, kabeji da karas da suke gangarowa daga tsaunukan Filato. Kasuwar Wunti ta fi ƙarfi a tufafi da kayan gida. Kowane baƙo da abin da yake kewa. Ɗan Indiya yana neman kayan ƙamshin girki da irin wakensa, sai ya ba da saƙo a kawo masa daga Kano. Ɗan Lebanon, wanda mutanen gari ke kira Kwara, yana neman man zaitun da burodinsu mai faɗi. 'Yan Sin kuwa ba su cika jiran kowa ba, da sun sami ɗan fili a bayan masauki sai su tayar da kunya su shuka ganyensu. Amma akwai inda kowa ke haɗuwa, wato gaban mai masa. Masar Bauchi, da miyar taushe ko da yaji da ƙuli-ƙuli, ta yi suna har Abuja da Legas, kuma da wuya baƙo ya ɗanɗana sau ɗaya bai sake aikawa ba.

Idan hutu ya zo, ko na Kirsimeti, ko na Ista, ko dogon ƙarshen mako, kusan kowane baƙon kamfani gandun dajin Yankari ya nufa. Ana bin hanyar Gombe, a karya a Dindima, a ratsa ƙasar Alkaleri har ƙofar Mainamaji, sannan a ƙara tafiya cikin daji kafin a kai sansanin Wikki, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 100 daga Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun daji na tarayya a 1991, ya dawo hannun gwamnatin jiha a 2006. Faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 2,200. Masu son ganin namun daji sun san lokacin da ya fi, wato tsakiyar rani zuwa bazara, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Nan ake ganin ɓauna, gwanki, kanki, mazo da dorina, in an yi sa'a kuma a ci karo da garken giwaye, waɗanda suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya. An san dajin da zakuna, amma ganinsu sai mai rabo.

Abin da ke mayar da mutane Yankari sau biyu sau uku shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garau kamar idon zakara, ana hango yashin ƙasa, zafinsa kuma maki 31 ne dare da rana, rani da damina. Injiniyan da ya yi wata uku yana shaƙar ƙurar titi, da ya shiga ruwan nan sai an yi da gaske kafin ya fito. A nan ne kuma baƙo ke haɗuwa da 'yan Najeriya ba a matsayin shugaba da ma'aikaci ba: ɗalibai daga Jos, iyalai daga Kano, amarya da ango, kowa da tawul a kafaɗa. Sai dai jami'an sansanin kan yi gargaɗi tun daga isowa, a rufe tagogi, a kulle mota, kada a riƙe leda a hannu. Gwaggon birin Wikki ya saba da mutane, ya iya murɗa ƙofa, kuma ya raba baƙi da yawa da burodin karin kumallonsu. Gadu ma yana yawo tsakanin ɗakuna ba ruwansa da kowa. Masu sha'awar tarihi kan nemi a kai su kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey da wuraren da mutanen da can suke narka tama, shaidar cewa dajin nan garuruwa ne kafin ya zama na dabbobi.

Wanda ba shi da kwana biyu yana iya zuwa Sumu, ta hanyar Kano, ya ga raƙumin dawa da jakin dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. Wasu kan haura Jos su sha iska. Cikin gari kuma akwai kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, inda ake ratsa wani lungu mai duhu kafin a fito fili gaban kabarin da ba shi da wani ado. Ranar Sallah kuwa, baƙon da aka samar wa wuri kusa da fadar Sarki Rilwanu Sulaiman Adamu zai ga hakimai, har da na Zungur, sun zo da dawakai da 'yan lifidi suna jahi, ya yi ta ɗaukar hoto har batirin waya ya mutu.

Wannan walwala ta ragu, kuma an san ranar da ta fara raguwa sosai. A daren 16 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka afka wa sansanin kamfanin Setraco a Jama'are, suka tafi da ma'aikata bakwai 'yan ƙasashen waje. Ƙungiyar Ansaru ta ɗauki alhaki, a watan Maris kuma ta sanar da cewa ta kashe su. Tun daga nan katangu suka ƙara tsawo, aka ɗora musu waya, kamfanoni suka hana ma'aikata fita ba rakiyar 'yan sanda. Ba wanda zai ga laifin mai tsare ransa. Amma asarar da aka yi babba ce, kuma ɓangarorin biyu suka yi ta. Ma'aikaci kan shekara biyu a Bauchi daga sansani sai wurin aiki, bai taɓa zama a tabarmar kowa ba, ya koma ƙasarsu ba shi da labarin da zai bayar sai na zafi da shingen bincike. Yaran gari su ma sun daina ganin baƙo a matsayin maƙwabci, sai dai fuska a bayan gilashin mota. An taɓa yin akasin haka: Bishop John Moore, ɗan Ailan da ya shugabanci Katolikan Bauchi har rasuwarsa a 2010, ya shafe shekaru masu yawa a wannan yanki yana shiga ƙauyuka yana gaisawa da mutane da Hausa.

Akwai kuma baƙin da ba a kafa wa katanga, domin su ne ma ke gadinta. Buzu mai rawani da ke zaune a ƙofar gidan mai kuɗi yana dafa shayi a kan ɗan murhun waya, da matashin da ya zo cirani daga Damagaram ko Maraɗi ko Tawa yana tura kurar ruwa, da mai shayi da ƙwai a bakin titin Yelwa, dukansu sun bar ƙasarsu ne don aiki, daidai da injiniyan da aka ɗauko a jirgi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba su damar shigowa ba biza. Suna kwana mutum shida ko takwas a shago ɗaya, suna adashi, suna aika kuɗi gida ta hannun direbobi da 'yan kasuwa. Harshe bai zame musu matsala ba, sai dai a gane su da an ji sun ce "lahiya" ko sun ƙirga kuɗi da jika. Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, su ne suka fi ji a jikinsu, ga kuma faɗuwar naira da ta sa abin da suke aikawa ya ƙanƙance idan aka mayar da shi sefa. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, abin da ya bar da yawa cikinsu suna tambayar makomar takardunsu.

Hutun waɗannan ba ya kai su Yankari, kuɗin shiga da na mota sun fi ƙarfin aljihunsu. Yawon Sallarsu shi ne su ɗinka sabuwar shadda, su hau Keke Napep zuwa ƙofar fada kallon hawa, su ɗauki hoto a tura wa iyaye ta WhatsApp. Babban hutunsu kuwa damina ce: da hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu sai su ɗaure buhu, su sayi atamfa da sabulu da takalman yara a Wunti, su nufi tasha, a je a yi shuka.

Hausawa na cewa baƙonka annabinka, kuma mutanen ƙasar Zungur ba su yar da wannan ba. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Liman Katagum ya ga yadda ake tarbar wanda ba a sani ba da ruwa da wurin zama kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. Abin da ya rage aikin hukuma ne da na kamfanoni. A gyara ɗakunan Wikki a riƙa kula da su, a horar da matasan Bauchi su zama 'yan jagora masu jin harsuna, a tsara fita mai tsaro zuwa duwatsun Dass da kasuwannin ƙauye, ba Yankari kaɗai ba. Jami'a da kwalejin fasaha suna da ɗaliban da za su iya koya wa sabon zuwa Hausar kasuwa cikin wata biyu, su ma su sami na kashewa. A kuma keɓe wa makarantun gwamnati da ƙungiyoyin 'yan cirani ranakun rangwame a Sumu da Yankari, domin mai gadin da ya yi shekara goma yana buɗe wa masu tafiya Wikki ƙofa shi ma ya cancanci a kai shi ya shiga ruwan.