TATTALIN KUƊI GA ƊALIBIN BABBAR MAKARANTA

Kowace shekara mukan sallami 'yan aji shida cikin murna, kuma da yawansu ba sa yin nisa da mu. Wasu sukan sami gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, ko a Samaru ko a Kongo. Wasu su tafi makarantar horon malamai ta tarayya da ke wajen Gyallesu, wasu kuma Kwalejin Nuhu Bamalli. Mun koya musu lissafi da Turanci da kimiyya, amma akwai darasi guda wanda ba ya cikin manhaja, shi ne yadda ake riƙon kuɗi. Na sha ganin yara masu ƙwaƙwalwa sun dawo gida ba takardar shaida, ba don sun faɗi jarrabawa ba, sai don sun taɓa kuɗin rajista, ko bashi ya yi musu katutu. Saboda haka na ga ya kamata mu tattauna wannan batu tun kafin ku fita ƙofa.

Jiya Da Yau

Da can gwamnati ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin ciyar da ɗaliban jami'a. A watan Afrilu na 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abinci na yini, daga N1.50 zuwa N2.00, ɗalibai suka yi bore a faɗin ƙasa, har aka yi asarar rayuka a Legas da nan Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 aka daina wannan ciyarwa, tun daga nan kuma cikin ɗalibi ya koma wuyansa da na iyayensa. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. A 2024 aka fara ba da rancen karatu na NELFUND, wanda ya haɗa da N20,000 a wata na ɗawainiya. In ka raba wannan kuɗi gida 30, abin da zai faɗa wa kowace rana bai kai N700 ba. Kuma kada a manta rance ne. Ko da yake ba ruwa a kansa, za a fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa.

Inda Kuɗi Ke Zurarewa

Ba kasafai babban sayayya ke talauta ɗalibi ba. Ƙananan abubuwa ne na yau da kullum: katin waya da data, lemon kwalba, tsire da yamma, hawan babur zuwa inda ƙafa za ta kai, da ladan mai POS duk lokacin da aka ciri 'yan kuɗi kaɗan. Wanda ke kashe N500 kullum a kan irin waɗannan, a wata ya kashe N15,000 bai sani ba. Ni kaina a zangona na farko a kwalejin horon malamai, kuɗin da mahaifina ya sayar da buhun masara ya ba ni na wata guda, kwana tara suka yi a hannuna. Sauran kwanakin da garin kwaki da ƙuli-ƙuli na ƙarasa su. Da na zauna in tuna abin da na saya, ban iya lissafa ko rabi ba.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ka sami ƙaramin littafi, ka riƙa rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka har mako biyu, ko da naira 50 ce. Littafin zai nuna maka inda tulunka ke yoyo.

Raba Kuɗi Ran Da Suka Zo

Ranar da kuɗi suka shigo hannu ita ce rana mafi hatsari, domin a ranar ne mutum yake jin kansa attajiri. Kafin ka sayi komai, ka kasa su kashi huɗu. Kashi na farko na makaranta ne: rajista, kuɗin ɗaki, littattafai da buga takardu. Wannan amana ce, ba a taɓa ta, ba a kuma ranta wa aboki. Na biyu na abinci. Na uku na mota da sabulu da waya. Na huɗu na ajiya, ko da ɗaya ne cikin goma. Ajiya ake fara cirewa, domin wanda ya ce sai abin da ya rage zai ajiye, ba abin da zai rage.

Me ya sa ɗalibi zai yi ajiya alhali abin hannunsa bai isa ba? Domin zazzaɓi ba ya sallama, haka ma yajin aiki. A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata takwas suna yaji, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuɗin haya kuwa bai tsaya jiran kowa ba. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin takardun naira, mai kuɗi a banki ma sai da ya rasa na cefane. Saboda haka ka ajiye mafi yawa a banki, a asusun da ba ka yawo da katinsa, ka kuma ɓoye kuɗin motar komawa gida a hannu.

Darasi Daga Cikin Birni

Iyayenmu mata na cikin ganuwar Zazzau sun daɗe da sanin abin da littattafan tattalin arziki ke faɗa. Da ɗinkin hula da aikin zare na manyan riguna, da dakan ƙuli-ƙuli da saƙa, mace takan zuba adashi kowane mako har ta haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Sirrin ba yawan abin da ake zubawa ba ne, rashin fashi ne. Ɗalibai huɗu ko biyar da suka san juna suna iya yin adashi don sayen littafi ko biyan haya. Sai dai a zaɓi uwar adashi mai gaskiya, a rubuta wanda zai kwasa da ranar kwasarsa, kowa ya sa hannu.

Abu na biyu da za mu koya daga gare su shi ne sanin lokacin saye. Da kaka, wato daga Oktoba zuwa Disamba, masara da dawa da wake sukan yi sauƙi. Da tsakiyar damina kuwa sukan yi tsada. Wanda ya auni wake da tiya a kasuwar birni ko ta Sabon Gari, ya fi mai sayen gwangwani-gwangwani a bakin makaranta riba nesa ba kusa ba. A zuba waken a jarka busasshiya, a cika ta, a toshe bakinta sosai, ƙwari ba za su rayu a ciki ba. Lokacin sanyi, sa'ad da tumatir da tattasai na fadama suka cika kasuwa, a yanka a shanya. Da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, miya ba za ta gagara ba.

Girki kuma a yi shi tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: tukunya ɗaya ta mutum uku ba ta cin gas ko gawayin tukwane uku. Ɗan birni da ke karatu a Kongo, in ya kwana a gida ya fita ta Ƙofar Doka da abincinsa a kula, ya huta da haya da sayen abinci. Ba abin kunya a ciki. Haka nan kafin ka sayi littafi, ka duba ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru ko na Kennedy a Kongo, ko ka tambayi waɗanda suka gabace ka.

Tattali Ba Rowa Ba Ne

A nan wasu kan yi kuskure. Ɗalibai suna da wani lissafi na raha da suke kira 0-1-0, wato ba karin kumallo, a ci na rana, a kwana da yunwa. Wannan ba tattali ba ne, cutar kai ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma kuɗin da ka hana cikinka asibiti za ka kai su. Koko da ƙosai, ko wake da shinkafa, ko awara, ba su da tsada, suna kuma riƙe jiki. Kada ka yi tsimin gidan sauro, kada ka yi tsimin magani. Kuma in abokin ɗakinka ya wayi gari ba shi da ko ƙwayar hatsi, ka zuba masa. Gobe kai ne. Abin da za a rage shi ne na burga: sabuwar waya alhali tsohuwar tana aiki, anko na kowane biki, da ɗinki don a gani. Zanen aro ba ya rufe katara.

Tarkuna Uku

Na farko, masu cewa ka kawo dubu goma ka karɓi dubu ashirin. MMM ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, CBEX ta rushe a Afrilu 2025, dukansu sun tafi da dukiyar jama'a, har da kuɗin makarantar yara. Gobe za su dawo da sabon suna. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na biyu, cacar ƙwallo ta waya, wadda aka tsara ta yadda mai kamfani ne ke cin riba a ƙarshe. Na uku, manhajojin ba da bashi nan take, masu ruwa mai yawa, waɗanda wasunsu kan aika wa 'yan'uwa da abokai saƙon tozarci in an makara biya. In ka shiga matsi, ka faɗa wa iyayenka ko wani babba da ka amince da shi tun abin bai yi nisa ba.

Kammalawa

Ya ku 'yan aji shida, kuɗin da za a damƙa muku gumin wani ne: na uba da ya yi noma, ko na uwa da ta kwana tana ɗinki. Ku fara gwaji tun wannan hutu da ɗan abin da ke hannunku: littafi, kashi huɗu, da asusu. Iyaye kuma, ina roƙo ku zauna da yaranku ku gaya musu gaskiyar abin da za ku iya aikawa da ranar da zai zo, domin yaro ba ya iya tsara abin da bai sani ba. Wanda ya iya riƙon naira dubu yana ɗalibi, ba zai ruɗe ba ran da albashi ya zo. Allah ya ba ku nasara, ya kuma sa albarka a ɗan abin da ke hannu.