Mai digiri da rumfar zaɓe

A Amurka, in kana son sanin wanda zai fito ranar zaɓe, tambayi inda ya tsaya a karatu. A zaɓen 2020, wajen kashi 80 cikin ɗari na masu digiri sun kaɗa ƙuri'a, waɗanda ba su gama sakandare ba kuwa kusan kashi 40 ne kawai. Shekaru ma suna da nasu tasirin: 'yan 18 zuwa 24 kashi 51 suka fito, dattawa 'yan 65 zuwa 74 kashi 76. Tun 1980 masanan nan Wolfinger da Rosenstone suka lura cewa a tsakanin matasa tazarar mai karatu da marar karatu ta fi faɗi. Da an manyanta sai ta riƙa raguwa, domin zaman duniya yana koya wa mutum abin da aji bai koya masa ba.

A Najeriya kuwa, kallon farko sai ka ce lissafin ya juye. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019, Legas, da duk makarantunta, ko kashi 20 na masu rajista ba su fito ba. Jigawa ta haura kashi 50. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar ƙauye ya ga dalili: tun da hantsi layin mata ya miƙe har bayan katangar firamare, tsohuwa da katinta ƙulle a bakin zane, ta san mai unguwa, ta san wakilin jam'iyya, shi ma ya san ko ta zo. Ba a musun taliya da atamfa suna aiki, amma ba su kaɗai ke fito da ita ba. A nan aka yi mata rajista, kuma a nan take kwana.

Kada dai a yi saurin cewa boko ke hana zaɓe. Binciken Larreguy da Marshall kan shirin ilimin firamare ga kowa na Najeriya, wato UPE, na 1976 ya nuna cewa yaran da shirin ya sa a makaranta sun fi zuwa zaɓe da suka girma. Abin da ke faruwa shi ne, karatu yana buɗe ido ta fuska biyu. A Zimbabuwe ta zamanin Mugabe an gano masu ilimi sun fi ƙaurace wa zaɓe, da gangan, saboda sun san an gama rubuta sakamako. Wanda ya iya karanta takardar sakamako shi ya fi saurin gane an yi aringizo, kuma shi ya fi saurin fushi.

Matashin ɗan boko a Najeriya yana da wata matsalar ta daban, wadda a ganina ta fi zargin lalaci da ake yi masa nauyi. A rajistar 2023, 'yan 18 zuwa 34 sun kai kusan kashi 40 na mutum miliyan 93, ɗalibai kuma sun haura kashi ɗaya bisa huɗu. Duk da haka kashi 27 kacal na masu rajista suka fito. Doka ta ce a rumfar da sunanka yake za ka dangwala, ga hana zirga-zirga ranar zaɓe. Ɗalibin da ya yi katinsa a Zariya, sai aka rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu domin zaɓen, ya koma gida Yola, ga ƙarancin takardun naira a lokacin, ina zai sa kansa? Sauya rumfa na yiwuwa, amma sai an nema tun da watanni.

Mafi ban haushi shi ne lamarin ɗan bautar ƙasa mai aikin zaɓe. Shi ke riƙe da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, shi ke duba yatsan kowa, shi ke ƙirga ƙuri'a da fitilar waya bayan magariba. Tunda ba mu da tsarin zaɓen wuri ga ma'aikatan zaɓe, yawanci haka zai tashi bai jefa tasa ba, gobe kuma a lissafa shi cikin matasan da suka ƙi fitowa.