Idan ka murɗa makulli mota ta yi shiru

Jama'a masu tsohuwar Peugeot 504 ko Hilux da ke jigilar awaki da buhuna tsakanin Jibiya da Maraɗi, ga abin da shirinmu ya tattauna a kan makunnin mota, wanda a Nijar ake ce wa kontak.

Kada ka yi saurin ɗora laifi a kan batir. Kunna fitilun gaba. In sun haska sosai, amma ka murɗa makulli fitilun dashbod ba su kama ba, duba fiyus tukuna. In lafiyarsa lau, to, makunni ne abin zargi. Girgiza makullin a hankali. Fitilu na kamawa suna ɗaukewa, ƙarafan ciki sun cinye ke nan. Irin wannan motar ce ke mutuwa da ta faɗa rami. Amma in ka ji ƙas-ƙas, koma wajen batir ko kik.

Wajen canji, fara cire kan batir mai alamar ragi. Kwance murfin ƙarƙashin sitiyari, ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka taɓa su. Sau da yawa ɓangaren lantarkin da ke bayan makulli kaɗai za ka saya.

Haɗa waya da waya kuwa, Malam, bar shi. Kwayil na iya ƙonewa, sitiyari na iya kullewa kana tafe, ga jami'an kan iyaka su ɗauka motar sata ce. Kuma rage tarin makullan nan da ke rataye, nauyinsu ne ke cinye makunnin.