Kiɗan sanyi: masu sauraren Arewa da ba su shiri da hayaniya

Duk wanda ya ci kasuwar Juma'a ta Dogon Dutsi ya san halin da kunne yake komawa gida. Mai tallar magani da lasifikarsa, mai tura waƙoƙi a salula da tasa, injin niƙa na gurnani a gefe, ƴan kabu-kabu na danna oda, kowa so yake muryarsa ta hau ta maƙwabcinsa. To amma a cikin garin nan, idan kasuwa ta watse aka sallame isha'i, akwai wasu bayin Allah da ke fiddo kayan sautinsu ƙofar gida ko ƙofar shago, su ɗora shayi bisa gawayi, su sa kiɗa ƙasa-ƙasa, yadda mai wucewa ma sai ya matso kafin ya gane abin da ake ji. Maganarsu ce za mu yi yau, domin akwai abin da ya shafi ƴan kasuwa a ciki, maza da mata.

Mutanen nan ba su da ƙungiya, ba su da shugaba. A cikinsu za ka tarar da mai gyaran rediyo, da tela, da tsohon direban da ya sha hanyar Kwatano da Lome, da malamin makaranta mai ritaya. Akwai su a Dutsi, akwai su a Matankari, haka nan idan ka gangara Kore Mairuwa da Tibiri. Abin da ya haɗa su guda ne: suna son jin kiɗa tsaf, yadda makaɗin ya yi shi. Idan gurmi ne, a ji ƙarar yatsa bisa tsirkiya. Idan goge ne, a ji jan izga da lumfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti. Kayan sautin da ke iya fiddo wannan su ne Turawa ke kira hai-fai, wato masu riƙon amanar murya, ba ƙari ba ragi. Saboda haka ne za ka ga mutum ya rungumi tsohuwar manyeto ƙirar Sharp ko National wadda ta girmi ƴaƴansa, ka kawo masa sabuwar lasifika mai walƙiyar fitilu ya ce ka riƙe abinka.

Irin kiɗan da suka fi so kuwa shi ne mai sanyi, wanda ba ya hana hira. Su ma Turawa suna da nasu, suna ce masa lawunj, daga sunan ɗakin hutawa na otal. Ya yi tashe a Amurka cikin shekarun 1950 da 1960, daidai lokacin da kayan sauti masu lasifika biyu suka fara shiga gidaje, har wani makaɗi ɗan ƙasar Meziko mai suna Esquivel ya yi suna wajen tsara kiɗan da ke yawo daga lasifikar dama zuwa ta hagu don masu sabbin kaya su ji daɗin kuɗinsu. Daga baya abin ya sake dawowa, musamman bayan da aka buɗe wani gidan cin abinci mai suna Buddha-Bar a birnin Paris a 1996, wanda faya-fayansa suka zagaye duniya.

Mu nan ba sai mun je Paris ba. Muna da namu tun tuni, sai dai da yawanmu ba mu san sunan mai shi ba.

Duk wanda ya tashi da rediyon ƙasa, Muryar Sahel, ko ya kalli Tele Sahel a shekarun baya, ya sha jin wani kiɗa mai taushi da ake sakawa tsakanin shiri da shiri, ba waƙa a ciki, sai murya mai kama da sarewa tana tafiya a hankali. Da yawa daga cikin wannan kiɗa aikin Mamman Sani Abdullahi ne. Yana ma'aikacin hukumar UNESCO ne ya ci karo da wata na'urar kiɗa mai madannai ƙirar Orla ta ƙasar Italiya, a hannun wani wakili ɗan ƙasar Ruwanda, ya lallashe shi har ya sayar masa. Wannan a 1974 ke nan. Da ita ya riƙa ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na ƙasar nan, na Hausa, na Fulani, na Buzaye, yana mayar da su wani abu sabo. A 1978 ya shiga ɗakin naɗar murya na rediyon ƙasa a Yamai ya naɗi kiɗansa, aka shirya fiddo shi a kaset tare da ma'aikatar al'adu. Shirin bai tafi yadda aka so ba, kaset kaɗan ne suka fito. Kiɗan ya ci gaba da shiga kowane gida ta rediyo shekara da shekaru, sunan mai shi kuwa ya tsaya a bakin ƴan tsiraru.

Sai da aka yi shekara 30 da ƴan kai, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin faya-fayai na Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga cikin kaset ɗin a wani ɗakin ajiya a Yamai. Ya nemi mai shi ya same shi. A 2013 aka sake fiddo kiɗan bisa baƙin faifai irin na garmaho, da sunan La Musique Électronique du Niger, Mamman Sani kuma ya tafi Turai ya yi wasa gaban jama'a yana dattijo. Yau masu tsadaddun kayan sauti a Jamus da Faransa suna zama su yi tsit su saurari abin da mu muke ji muna jiran a karanta labarai. A ganinmu abin alfahari ne, kuma abin kunya ne kaɗan. Da kaset ɗin nan guda ya lalace, ko wani ya share shi ya naɗi wani abu a kai, da wataƙila maganar ba ta kai haka ba.

Abin da labarin nan ke nunawa shi ne kiɗa a ƙasarmu hannu da hannu yake rayuwa. A da, mai manyeto mai baki biyu sarki ne a unguwa: a kawo masa kaset na Shata ko na Ɗanmaraya Jos daga Sakkwato ko Birnin Kabi, ya kwafa wa abokai, su ma su kwafa wa nasu. Ƴan kasuwar da ke bin Bachaka da Kamba da Kwanni ba atamfa da man ja kawai suke shigowa da su ba, har da muryar Ɗankwairo da Haruna Uji da waƙoƙin Indiya. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka zo, R et M a 1994, sannan Anfani, sai matasa suka koma ɗana kaset kusa da rediyo suna jiran waƙar da suke so. A wannan zamanin ne kuma fada ta yaɗu, daga Damagaram zuwa sauran garuruwa. Wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, wadda ta fara zama a Dogon Dutsi tun 1988, ta rubuta littafi sukutum a kan fada a 2019, kuma samarin Dutsi na cikin waɗanda ta zauna da su. Shayi zagaye uku, hira, da kiɗa: wanda ya san fada ya san ba a raba su.

Da salula ta zo sai hanyar ta ƙara sauri. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jahar Tawa, a Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko a 2008. Ba shago, ba talla, waƙoƙin suka bi waya zuwa waya har arewacin Mali, inda Kirkley ɗin nan ya ji su, ya sa ɗaya a wani faifai da ya fitar a 2011 na kiɗan da ya tattara daga wayoyin mutanen Sahara. Yau Mdou Moctar na cikin makaɗan Nijar da duniya ta fi sani.

Sai dai masu kunnen nan na Arewa suna da ƙorafi a kan zamanin salula, kuma mun ba su gaskiya. Yawancin abin da ke yawo cikin wayoyi murya ce da aka wahalar. Waƙar da ke bisa faifan CD, idan aka matse ta ta koma MP3 irin mai lamba 128, kashi 1 cikin 11 na nauyinta ne kawai ke saura. Matsar farko kunne ba ya cika lura da ita. Amma sai wani ya ciro ta daga bidiyo ya sake matsewa, wani ya kunna ta a lasifika ya naɗa da bakin waya ya tura ta WhatsApp kamar saƙon murya, wani kuma ya ɗora sunan shagonsa da lambarsa a tsakiyar waƙa. Kafin ta iso gare ka, kalangu ya koma kamar ana dukan gwangwani. A nan akwai abin da ya kamata masu tura waƙoƙi a kasuwa su sani: turawa ta Bluetooth ko Xender, ko kwafa daga kwamfuta zuwa memori, ba ya rage wa waƙa kome, ko sau ɗari aka yi. Ba kamar kaset ba ne, wanda kowane kwafi ke ƙara masa shuu. Don haka wanda ya samu asali mai kyau ya adana shi, ya riƙa kwafa daga gare shi, to kayansa sun fi na maƙwabcinsa, kuma masu kunne za su gane, su dawo, su kawo wasu.

Haka zancen memori na jabu. Akwai wanda aka rubuta wa 32 a jiki, waya ma ta nuna 32, alhali cikinsa bai kai rabin rabin haka ba. Za a yi ta zuba waƙoƙi yana karɓa, sai an je gida a tarar wasu sun ƙi buɗewa. Mai saye ba kamfanin da ya ƙera zai zaga ba, mai teburin da ya sayar masa zai zaga. Gwajin ba wuya: a ɗauki guda cikin kwalin, a cika shi maƙil, sannan a kunna waƙoƙin farko da na ƙarshe.

Game da kayan sautin kansu, abin da masu harkar suka yarda da shi ba shi da yawa. Murya mai kauri tana son lasifika mai faɗi cikin akwatin katako mai nauyi, wanda ba ya rawa. Ƙaramar roba ba za ta ba ka ita ba ko an rubuta mata lamba dubu. Ampili kuma idan aka murɗe shi har ƙarshe murya tsagewa take yi, kuma wannan tsagewar ce ke ƙone ƙaramar lasifikar sama. Wasu sun koma amfani da ampilin mota mai bolt 12, su haɗa shi kai tsaye da batir da faifan sola, ba ruwansu da ɗaukewar wuta. Dabarar ta yi rana a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar nan cikin watan Agusta, ba ta maido ba sai Maris na 2024.

Yanzu ga inda maganar ta fi shafar iyayenmu mata da ke wuni a rumfa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 80, kunne na iya ɗaukarta awa 40 a mako. Idan ta kai 90, awa 4 ne kawai a mako. Idan ta kai 100, minti 20. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma ga alama: idan sai kin ɗaga murya kafin mai ciniki da ke tsaye gaban tirenki ya ji farashi, to ƙarar wurin ta wuce kima. Idan kin koma gida kunne na ƙugi, gargaɗi ne. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, ba allura ba sassaƙe, kuma goyon da ke bayanki kunnensa ya fi naki taushi. Ba mu ce a hana kowa neman abincinsa ba. Amma shugabannin kasuwa na iya sa masu lasifika su ɗaga ta sama, su juya bakinta daga rumfunan da ke kusa, su rage murya. Mai tura waƙar da ya sa kiɗa mai daɗi a hankali, mutane tsayawa suke yi. Wanda ya ƙure, sauri suke su wuce shi.

Mata ba su cika zaman fada ba, amma kada wannan ya sa a ɗauka ba su cikin masu saurare. A tsakar gida ake jin Barmani Choge ana tuyar ƙuli-ƙuli, a can ake jin Lata Mangeshkar ana kitso. Kuma mun lura tsofaffin kaset da yawa a hannunsu suke, cikin kwalla ko ƙasan akwatin aure. A ciki akwai na kanti, waɗanda ake iya samu ko'ina. Akwai kuma waɗanda babu irinsu a duniya: kiɗan bikin wance da wani ya naɗa, gogen wani makaɗin ƙauye a Lugu ko Bagaji wanda bai taɓa shiga ɗakin naɗar murya ba, waƙar daka, kirarin ɗan kokowa ranar da ya yi kaye. Masu waɗannan muryoyin da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Wasu mutane sun bar jin kiɗa saboda addini, wannan tsakaninsu da Ubangijinsu ne. Roƙonmu kawai, kafin a ba yara kaset su zare zaren su yi wasa, a tambaya ko akwai mai so.

Wanda ke da irin wannan ajiya, ya raba ta da rana da zafin kwano, kada kuma ya ɗora ta bisa lasifika, don maganaɗisun da ke ciki yana cin murya. Kaset da ya daɗe a ajiye, a fara juya shi da bik daga farko har ƙarshe kafin a sa shi a manyeto, a goge kan manyeton da auduga da ɗan alkol saboda ƙurar hunturu. Daga nan waya guda ce ake ja daga manyeto zuwa kwamfuta, masu gyaran rediyo da masu tura waƙoƙi da dama sun iya. A rubuta sunan makaɗin, da garin, da shekarar in an tuna. A yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wajen wani ɗan'uwa, sannan a mayar wa mai kaset abinta.