Borin jini: yadda jiki ke ƙin abincin da ya saba ci

Jama'a masu saurarenmu na Yekuwa, Magarya da Dungas, da ƴan uwa da ke ƙetare, ga tambayar da ake yawan yi: ta yaya mutum ya girma yana cin ƙuli-ƙuli, riɗi ko soyayyar fara, amma rana ɗaya ya ci, jiki ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi?

Likitoci sun ce ba a ranar abin ya soma ba. Garkuwar jiki ce ke kuskure, ta ɗauki wani sinadari na abincin a matsayin abokin gaba, ta tanadi makamai a jini ba tare da mutum ya ji komai ba. Sai wani cin na gaba ta saki sinadarin histamin, shi ke kawo kumburi da ƙaiƙayi, galibi cikin mintoci zuwa awa 2.

Ba ta baki kaɗai jiki ke koyon wannan ƙiyayya ba. Jaririn da fatarsa ke tsagewa da ƙaiƙayi, garin gyaɗa na iya shigar masa ta nan. Masu bincike a Amurka kuma sun nuna cizon kaska na iya sa jiki ya ƙi jan nama, alamun su fito bayan awa 3 zuwa 6. Makiyaya sai a kula.

Amma fa ba kowane ɓacin ciki ne borin jini ba. Wanda madara ke kumbura wa ciki, sau da yawa sukarin cikinta ne hanjinsa ya kasa narkarwa. Shi ya sa nono mai tsami ya fi karɓarsa.

Iyaye mata, kar tsoro ya sa a hana yaro gyaɗa. Binciken da aka yi a Ingila, aka fitar a 2015, ya nuna fara ba jarirai ita da wuri ya rage matsalar da kusan kashi 80 cikin 100. Bayan wata 6 na nonon uwa zalla, a soma da ɗan kunun gyaɗa, ba ƙwayarta ba. Yaro mai ciwon fata, a fara nuna wa ma'aikacin lafiya.

In leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dushe, numfashi ya sarƙe ko jiri ya kama mutum, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya asibiti mafi kusa, a faɗi abin da ya ci. Allah ya ƙara mana lafiya.